A Kai Shi Gida da Numfashinsa

A asibitin garinmu da ke bakin kogin Hau, sunan Dakta Thoa na gaskiya a jikin ƙofar ofishinta kawai yake. Daga masu shara har manyan likitoci, Gwaggo Dakata suke ce mata, a bayan idonta dai, don ba wanda ya gaji da aikinsa. Gajeriyar mace ce mai furfura a gaban goshi, da silifas ɗin roba da ake jin fas-fas ɗinsa tun daga matakala, da 'yar tocila a aljihun gaba. Ɗakin da take riƙe da shi na waɗanda suka fasa kai ne, kuma a ƙasar da mutum ke hawa babur da hular kwano rataye a gwiwar hannu, wannan ɗaki ba ya rasa baƙi.

Sunan ya samo asali ne daga faɗan da ta shekara kusan talatin tana yi da jama'a. A al'adar garinmu, kowa ya san wanda ya cika a waje ba a shiga da shi cikin gida. Rumfa ake kafa masa a tsakar fili, a nan zai zauna har a binne shi, ransa kuma ya yi ta yawo a hanya bai gane ƙofarsa ba. Saboda haka da dangi sun ga jiki ya yi nauyi, sai babba a cikinsu ya haɗa hannuwa a ƙirji ya ce, "Likita, a ba mu shi mu kai shi gida." Sai a cire mara lafiya daga injin numfashi, a ɗaura masa robar hura iska ta hannu a bakin bututun, 'yan uwa su yi ta matsawa a cikin mota har a isa da shi da sauran rai. Wasu likitocin amincewa suke yi su huta. Ita kuwa Dakta Thoa sai ta dube ka ta saman gilashi ta ce, "A dakata." Ka dawo washegari, ta ce a dakata. An zage ta, an kai ƙararta, wata tsohuwa ma ta taɓa jifanta da kwanon miya. Ba duk waɗanda ta riƙe ne suka tashi ba, amma waɗanda suka tashi, in ka tara su, za su cika kasuwar kifi. Da yawa cikinsu har yau suna yawo a babur ba hula, abin da ke ƙona mata rai ke nan.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Dien, ɗan Kawu Tam mai kiwon agwagi. Dien yana saurayi ya daki ƙarfen gada da kansa. A lokacin injinan numfashi sun yi wa asibitin kaɗan, don haka uwarsa Lua da ubansa ne suka zauna a gefen gado suna karɓa-karɓa da robar. Dakta Thoa ce ta koya musu. "Kada ku ƙirga komai," ta ce. "In kun ja naku numfashin, ku matsa masa nasa." Da uban ya gaji ya nemi a ba shi ɗansa, sai ta tare ƙofa da hannuwa biyu ta ce sai dai su bi ta kanta. Dien ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne lafiyar babur ɗinsa, uwar ta kai masa duka a cinya tana kuka.

Tun daga nan, duk sabuwar shekara sai Kawu Tam ya bayyana da kwandon ƙwai mai gishiri da agwagwa mai rai, ya ɗaure ta a ƙafar teburin ofis. Ta ce masa ita ba ta iya yanka ba. Ya ce shi ba don yanka ya kawo ba, abokiyar hira ce, tun da dai ba ɗan Adam da zai iya zama da ita. A duk lardin shi kaɗai ke faɗa mata irin wannan ya kwana lafiya, kuma ita ma tana jiran zuwansa, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

To, shi wannan Kawu Tam ɗin ne aka shigo da shi a daminar da Dakta Thoa za ta ajiye aiki. Ya ɗauko 'yan tsakin agwagi a bayan babur, kare ya gitta masa. Hular na kansa, igiyarta ce bai ɗaure ba. An buɗe kan an kwashe jini, an ba shi duk abin da ake bayarwa, ƙwaƙwalwar ta ci gaba da kumbura abinta. Da safiyar da muke magana, Dakta Thoa ta ɗaga masa fatar ido ta haska tocila. Baƙin idon a buɗe yake, bai motsa ba. Ta haska ɗayan. Ta zura siririn bututu har cikin maƙogwaro, ko tari bai yi ba. Ta sake komai daga farko, abin da ba ta saba ba, sannan ta tsaya riƙe da babban yatsan ƙafarsa, wanda taɓon gona ya rina har abada. Magani ne kawai ke riƙe da zuciyar, kuma ba ta ga alamar zai riƙe ta har gobe ba.

Sista Lai, shugabar ma'aikatan jinya, wadda suka tsufa tare a ɗakin, tana gyara ledar ƙarin ruwa ba ta ɗago ba.

"Sun yi magana?" Dakta Thoa ta tambaya.

"Su wa?"

"Kin san su wa."

"Ba za su yi ba, Yaya. Ke kika koya musu. Jiya ƙanin Kawu Tam ya zo da maganar gida, Gwaggo Lua ta bi shi da mafici har bakin titi. Yanzu haka makaranta ta buɗe a baranda, tana koya wa sababbin zuwa yadda ake dakatawa."

Nan gizo ke saƙar. A duk shekarun nan Dakta Thoa ba ta taɓa ce wa kowa ya ɗauki nasa ba. In ta ga ba fata, daina hanawa kawai take yi. Ta saki fuska, ta yi shiru, dangi su gane, su roƙa, ita kuma ta gyaɗa kai. Su ke furta kalmar, ita tana tsaye da tsabtar bakinta. Yau ga iyalin da ba za su taɓa roƙa ba, saboda sun yarda da ita fiye da idanunsu. In zuciyar nan ta tsaya a kan gadon asibiti, mutumin da ya gina gidansa katako bayan katako a tsakar fili zai kwanta, ƙarƙashin tamfol, ruwan sama na ɗiga a gefensa. 

Ta fita baranda. Dangin marasa lafiya sun shimfiɗa tabarmi daga wannan bango zuwa wancan, da fulas-fulas da tawul a rataye. Lua tana tsakiya, tsohuwa sirit mai ɗankwali mai zane-zane, tana ɓare mangwaro tana yi wa wata matashiya huɗuba. Dien na jingine da ginshiƙi, yanzu magidanci ne mai tumbi, gefen kansa a lotse inda gashi ya ƙi fita.

Dakta Thoa ta tuɓe silifas ta zauna a tabarmar. Baranda ta yi tsit, don ba a taɓa ganin haka ba.

"Yau kuma?" Lua ta ce tana dariya. "Ku matsa wa likita. Dien, ba ta kofin nan mai ƙanƙara. Kin karya kuwa? Dubi wuyanki, kamar na agwagwar da ta gama kwanci."

"Yaya Lua, wa kuka bari a gida?"

"Matar Dien da yara. Me ya faru?"

"Gadon katakon nan na gaban teburin hotunan kakanni, yana nan?"

Wuƙar ta tsaya a jikin mangwaron. Lua ta dube ta, sai kuma ta kaɗa kai ta ci gaba da ɓara. "Gwada ni kike yi. Wancan karon ma haka sauran likitocin suka yi ta kewaye-kewaye. Ni na wuce nan, Likita. Ko wata nawa ne, ga tabarmata."

"Ba gwaji ba ne."

"To, ci mangwaro."

Dakta Thoa ta karɓi yankin ta riƙe, ruwansa na bin yatsunta. Ta yi wa ɗalibai lacca, ta yi wa shugabannin asibiti tsawa, amma wannan 'yar magana sai da ta nemo ta da ƙyar.

"Ba zai tashi ba, Yaya. Ku kai shi gida yau, tun yana numfashi."

Matashiyar da ake wa huɗuba ta ja tabarmarta baya a hankali. Dien ya kai hannu gefen kansa, kamar yadda yake yi in abu ya dame shi.

"Ke?" Lua ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ke da kika tare ƙofa? Mijina ya durƙusa miki a kan yaron nan, kika ce sai dai ya taka ki. Yanzu da ya zo kansa ne za ki ce a kwashe shi? Don ya tsufa? Ko ke ce kika tsufa, kin ƙosa ki tafi hutunki?"

"Inna," Dien ya ce.

"Rufe mini baki. Da na bi irin wannan magana da yanzu ciyawa ta gama cin kabarinka."

Maganar ta yi wa Dakta Thoa zafi, don rabinta tambayar da ta yi wa kanta ce a gefen gado. Ta ajiye mangwaron, ta goge hannu a farar rigarta, ta miƙe. "Ku zo ku biyu."

A bakin gadon ta jawo Dien ta kunne kamar ɗan makaranta, ta sa ya sunkuyo. "Yaya, dubi baƙin idon ɗanki." Ta haska. Baƙin ya tsuke nan take. Ta kashe, ya buɗe. Ta juya ga Kawu Tam, ta ɗaga fatar idon da yatsa, ta haska, ta bar hasken ya daɗe.

"A wancan karon," ta ce, "idon yaron nan yana amsa mini. Kaɗan ne, sai na kashe fitilar ɗakin nake gani. Shi ya sa na tare ƙofa. Mutane sun ɗauka taurin kai ne kawai, ni ma na bar su a haka don ya fi saurin aiki. Ba na riƙe mutum sai ya ba ni abin da zan riƙe. Shi tun jiya nake roƙonsa, bai ba ni komai ba."

Lua ta karɓi tocilar daga hannunta. Ta haska da kanta, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, sai ta gyara masa bargo a kafaɗa.

"Kullum sai na ce ya ɗaure igiyar hular nan," ta ce. "Wai tana shaƙe shi." Ta share fuska da bakin ɗankwali. "Dien, kira matarka. A buɗe ƙofar gaba duka biyu, a share, a shimfiɗa sabuwar tabarma a gadon. Kada kowa ya fara kuka tukuna." Sannan ta juyo. "Zai kai?"

"Zan bi ku."

Sista Lai, da ke haɗa robar da bututun, ta ɗago da sauri. "Ke da motar asibiti? Ke da kike amai a jirgin fito?"

"Ki zuba mini allurai a jaka ki rage surutu. In wani ya nemi sallama kafin na dawo, kin san amsar."

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka fita. Lua ta zauna daidai kan mijinta, ta rungumi robar a cinya. Dakta Thoa ta buɗe baki za ta tuna mata yadda ake yi, sai ta ga ba bukata. Tsohuwar ta ja numfashi, ta matsa, ƙirjin Kawu Tam ya ɗaga. Hannun bai manta ba. Dien na riƙe da ledar ruwa sama, likita kuma yatsu biyu a wuyan mara lafiya, idonta a kan 'yar na'urar da ke nuna bugun zuciya.

A mashigar jirgin fito layi ya kai har wajen masu sayar da rake. Direban bai ko kunna jiniya ba, ya leƙo kawai ya ce, "Mai komawa gida ne." Babura suka dare, wata motar kankana ta ja baya, masu tallar gyaɗa suka yi shiru. Suna tsakiyar kogi bugun ya fara ɓacewa a ƙarƙashin yatsunta. Amai ya taso wa Dakta Thoa da kaɗawar ruwa, ta danne, ta fasa kwalbar allura da haƙori a gefen tawul, ta tura.

"Kawu Tam," ta ce a kunnensa, "shekara da shekaru kana cika mini ofis da kashin agwagwa ban ce komai ba. Yau ni ke neman alfarma. Kada ka kunyata ni a kan ruwa."

Lua ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, hannunta bai tsaya ba. Bugun ya dawo, siriri, amma ya dawo.

Daga inda kwalta ta ƙare mota ba ta shiga. Maƙwabta na jira da kwale-kwale mai inji, suka sauke gadon ɗaukar a tsakiya, wani ya riƙe lema a kan fuskarsa. Suka bi rafi tsakanin itatuwan kwakwa da gonakin shinkafa da ruwa ya shanye. Dien ya ce, "Inna, kawo na karɓe ki." Ta ce, "Kai dai riƙe ledarka." Duk gadar katakon da suka wuce, kamar yadda ake yi, sai Lua ta faɗa wa mijinta. "Tsoho, ga gadar gidan maƙwabcinmu Chin, mun wuce. Ga wurin da ka faɗa ruwa da buhun dusa. Biyo mu, kada ka tsaya kallo."

Agwagin ne suka fara sanar da isowarsu. Ƙofar gaba a wangale take, ƙasa a share. Maza huɗu suka ɗauke shi suka hau matakala, Lua na tafe a gefe a sunkuye tana matsawa, Dakta Thoa na bin su da yatsunta a wuyansa. Suka tsallaka dokin ƙofa. Aka kwantar da shi a gadon katako, gaban hotunan iyayensa.

"Yana nan?" Dien ya tambaya.

"Yana nan."

"Baba, ka iso gida," ya ce, muryarsa ta karye.

Jikoki suka zo ɗaya bayan ɗaya suka haɗa hannuwa suka gaishe shi. Ƙanin da aka kora da mafici ya zo ya riƙe masa ƙafa. Aka goge masa fuska da ruwan ɗumi, aka canza masa riga. Duk wanda ke da magana ya faɗa. Sannan magana ta ƙare, ɗakin ya cika da mutane a tsaye, ba abin da ake ji sai fuu, fuu na robar.

Lua ta ci gaba da matsawa. Inuwar ƙofa ta matsa daga ƙafar gadon zuwa tsakiyar ɗaki. Yatsun tsohuwar sun ƙage, tana taimaka musu da gwiwa. Dien ya dubi ƙanin ubansa, ƙanin ya dubi ƙasa.

"Likita," Lua ta ce a hankali, yadda su biyu kawai za su ji. "Kin koya mini yadda ake yi. Ba ki koya mini yadda ake bari ba."

Dakta Thoa ta dubi robar. Aikinta kullum a ƙofar asibiti yake ƙarewa, inda take tsayawa ta ga mota ta fita. Ba ta taɓa biyo kowa har nan ba. Sai yanzu ta ga cewa duk waɗanda ta gyaɗa wa kai, a ƙarshen hanyarsu akwai ɗaki irin wannan, da wata mata ko wani ɗa da robar ta rage a hannunsa, kuma shi zai rayu da sanin cewa hannunsa ne ya tsaya. Tausayinsu ya kama ta gaba ɗaya, har da waɗanda ta manta sunayensu.

Ta durƙusa a gefen gadon, gwiwoyinta suka yi ƙara.

"Kawo, Yaya. Hannunki ya gaji. Ki riƙe nasa."

Lua ta dube ta ido cikin ido. Ta gane abin da ake karɓa daga hannunta.

"Za ki iya, ƙanwata?"

"Aikina ne."

Tsohuwar ta ƙara matsawa sau ɗaya, mai tsawo, sannan ta miƙa. Ta kama hannun mijinta da nata biyu, ta kwantar da kumatunta a kai, ta shiga ba shi labarin 'yan tsakin da ya zubar a titi, wai yaran unguwa sun tsinto kusan duka, ɗaya ne kawai ya karye a ƙafa, kuma shi ma yana cin abinci.

Dakta Thoa ta matsa tare da numfashinta. Sannan ta bar numfashi ɗaya ya wuce. Sannan biyu. Ɗayan hannunta na wuyansa, tana jin bugun yana nisa, yana dawowa, yana ƙara nisa. Ba wanda ya kalli hannunta, kowa fuskar Kawu Tam yake kallo. Da ta daina jin komai, ta ƙara jira, sannan ta ajiye robar a kan tabarma, ta zare bututun a hankali, ta goge masa baki da gefen rigarta.

Lua ba ta ɗago ba. "A gida ya cika," ta ce. "Kin shaida?"

"Na shaida, Yaya. A kan gadonsa."

Sai a lokacin Lua ta ba matan gidan izinin kuka.